Tayar da Dattijo Bayan Karayar Ƙugu: Rabon Zakka da Rabon Waƙafi

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara na masu ba da gudummawa da kwamitocin masallatai

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ƙarfin matashi da raunin tsoho duk a hannunSa suke. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a bana yana cikin shafukan ma'aji, kuma ya fi ni iya bayaninsa. Ni an ba ni dama in yi magana a kan al'amari guda, wanda nake roƙon ya samu gurbi a tsarin aikinmu na baɗi. Duk wanda ke karɓar takardun neman taimako a wannan ɓangare na Kaduna ya san akwai wata takarda da ke yawan dawowa, kusan da kalmomi iri ɗaya: mahaifinmu ya faɗi a banɗaki, ko mahaifiyarmu ta zame a tsakar gida, yau wata biyu ke nan ba ta tashi ba, a taimaka mana da abinci da kuɗin magani. Akan taimaka ɗin gwargwadon hali. Amma wanda ya san ciwon ya san cewa takardar ta makara da kusan wata biyun nan cif, domin abin da zai yanke hukuncin ko tsohon zai sake takawa ya faru ne a kwanakin farko, lokacin da babu wanda ya tuna da mu.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya shafe mu fiye da wasu. Unguwanninmu na Kakuri da Makera da Nasarawa da Kurmin Gwari masaƙu ne suka cika su da jama'a. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, a zamanin Sardauna, sannan Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin Peugeot ya zo a 1975. Samarin da suka baro ƙasar Katsina da Zazzau da Barno da ƙasar Nufe suna 'yan shekara ashirin don kama aiki a masaƙa, yau su ne dattijan sahun farko a masallatanmu, masu shekara saba'in da ɗoriya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, kuma kowa ya san yawan waɗanda suka shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu na sallama. A kan wannan sai rikice-rikicen 2000 da 2002 suka sa iyalai da dama suka haye kogi zuwa Tudun Wada da Rigasa da sauran unguwannin arewa. Yara suka tafi, tsofaffi da yawa suka ƙi barin gidan da suka gina da guminsu. Sakamakon haka muna da dattijai masu yawa, marasa fansho, waɗanda ɗansu mafi kusa sai ya ƙetaro gada kafin ya iso gare su. Ranar da ɗayansu ya faɗi, maƙwabci da ladan ne suke fara sani.

Bari in ɗan yi bayanin ciwon kamar yadda likitocin ƙashi suke bayyana shi, domin mai rabon zakka ba ya raba ta daidai sai ya fahimci buƙatar. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo a jikin mutum. A samansa akwai kai mulmulalle kamar ƙwallo, wanda ke zaune cikin wani gurbi a ƙugu, kuma tsakanin kan da gangar ƙashin akwai ɗan siririn wuya. Da shekaru suka ja, ƙashi yakan zaizaye daga ciki ya zama kamar itacen da gara ta ci, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Shi ya sa a ƙasashen da ake ƙididdige abin, kusan kashi 70 cikin 100 na masu wannan karaya mata ne. Faɗuwar da matashi zai tashi ya kaɗe rigarsa ita ce take karya wannan wuyan ga tsoho. Alamunta ba ɓoyayyu ba ne. Mutum ya kasa miƙewa ko ya kasa ɗora nauyi a kan ƙafar, ga ciwo a matsematsi, kuma sau da yawa za a ga ƙafar ta ɗan gajarta, tafinta ya juya waje. Wani lokaci kuma tsagewa ce kawai, har tsohon ya iya ɗingisawa, a ce targaɗe ne, bayan kwana uku ƙashin ya rabu. Hoton ƙashi ne kaɗai ke raba gardama.

A nan dole in taɓo maganar maɗora, kuma zan taɓo ta da ladabi, don babu gidan da bai ci moriyarsu ba a cikinmu. Ɗori yana aiki ne inda hannu zai iya laluben ƙashi ya daidaita shi, a ɗaure da karare a hana shi motsi. Wuyan ƙashin cinya yana can binne cikin tsoka mai kauri, ba a iya kama shi daga waje, balle a ɗaure shi. Daɗin daɗawa, jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini ta wannan wuyan suke bi. Idan ya karye ya goce, sukan tsinke, kan ya rasa abincinsa, ƙashin ya ƙi haɗewa komai tsawon jira. Shi ya sa likita a irin wannan hali yakan cire kan gaba ɗaya ya sa na ƙarfe, idan kuma karayar ta ɗan yi ƙasa, ya haɗa ta da kusoshi da farantin ƙarfe. Maɗori mai tsoron Allah da ya san iyakar sana'arsa yakan ce a tafi asibiti. Irin wannan muke so limamai su nemo a unguwanninsu su ƙulla zumunci da shi, domin wurinsa ake fara zuwa, kuma maganarsa ta fi tamu shiga kunnen iyali.

Manufar tiyatar guda ce: a samu damar tsayar da mutum da wuri. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idar da ta fitar a 2011, ta ce a yi aikin ranar da aka kwantar da majinyaci ko washegari, sannan a fara tayar da shi washegarin aikin. Ita wannan hukumar ce ta bayyana cewa wajen mutum ɗaya cikin goma na masu wannan karaya yakan rasu cikin wata guda, wajen ɗaya cikin uku kuma cikin shekara. Wannan fa a ƙasar da motar asibiti ke zuwa har ƙofar gida, kuma ba a neman ko sisi kafin a shiga ɗakin tiyata. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma sababi an umurce mu da kula da shi, kuma sababin a nan sananne ne. Akasarin abin da ke tafiya da waɗannan bayin Allah kwanciya ce take haifar da shi ko take tsananta shi. Huhu ya tara majina ya kamu da ciwo. Jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Fatar ɗuwawu da dunduniya ta ƙuje ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Fitsari ya kamu da cuta. Tsoka kuma ta narke: a wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi lafiyayyu na kwana goma kacal, aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. To ina ga wanda ya yi wata biyu a kan katifa, ga ciwo, ga rashin cin abinci?

Mu kwatanta wannan da yadda abin yake gudana a wurinmu. Ranar farko a shafa man zafi. Rana ta uku a kira maɗori. Bayan mako biyu a ɗauki tsohon a keke zuwa Asibitin Gwamna Awan ko na St. Gerard a nan Kakuri, a yi hoto, a ji gaskiyar magana. Daga nan a fara neman likitan ƙashi, ko a Barau Dikko, ko a asibitin sojoji na 44, ko a Shika, ko kuma a yi tafiyar fiye da kilomita 200 zuwa Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda yake wannan aiki tun 1959. A faɗi kuɗi, hankali ya tashi, domin ƙarfen da ake sawa daga waje ake shigo da shi, kuma tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira a 2023 farashin komai na asibiti ya yi tashin gwauron zabo. Sai a koma gida a fara kiran 'yan'uwa, a jira Juma'a a yi sanarwa, a jira kwamiti ya zauna ƙarshen wata. Kowane mataki da kyakkyawar niyya ake yin sa. Amma ciwon da ke ƙirga awoyi ba ya jiran tsarin da ke ƙirga watanni.

Yanzu sai mu zo ga ɓangaren da ya fi kusa da karatunmu, wato ina zakka za ta shiga, ina kuma ba za ta shiga ba. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas, kuma uku daga ciki suna taɓa wannan al'amari kai tsaye: faƙirai, miskinai, da waɗanda bashi ya danne. A mazhabar Malikiyya faƙiri shi ne wanda abin da ya mallaka ba zai ishe shi shekara ba. Gidan da mutum yake zaune a ciki, wanda bai wuce buƙatarsa ba, ba ya fitar da shi daga wannan suna. Na faɗi haka ne domin sau da yawa akan ji ana cewa, ai Baba wane yana da gida a Makera, yaya za a ba shi zakka? Gidan nan ba ya sayen ƙarfen tiyata, kuma shari'a ba ta ce ya sayar da makwancinsa ya koma titi kafin ya cancanta ba. A ɗaya gefen, ɗa mai hali ba zai cire kuɗin jinyar mahaifinsa daga zakkarsa ba, domin ɗawainiyar iyaye matalauta tana wuyan 'ya'ya mawadata, maza da mata. Wanda ya yi haka ya biya bashin kansa ne da haƙƙin wasu. Idan kuwa 'ya'yan su ma hannu baka hannu ƙwarya suke, to zakkar sauran Musulmi ta halatta ga uban. Kuma ɗan da ya ci bashi ya biya asibiti, ya kasa saukewa, shi ma ya shiga sahun masu bashi, a biya masa ba tare da an kunyata shi ba.

Sai sharaɗin mallakawa. Zakka haƙƙin mutum ce, a hannunsa ake sa ta. Hanyar da ta dace a nan ita ce majinyaci ko waliyyinsa ya wakilta gidauniya, da 'yar takarda mai sa hannu ko dangwale, ta biya asibiti da sunansa, a ajiye rasit. Wannan sharaɗin ne kuma ya hana mu sayen kayan da za su zauna a ma'ajiyar gidauniya da kuɗin zakka. Muhtasar na Shaihu Halilu ya hana a kashe ta ko da a ganuwar gari ko jirgin ruwan yaƙi, balle kujerun da za a riƙa ba da aronsu. Waɗannan rabon waƙafi ne, zan zo kansu.

Akwai wata al'ada da nake roƙon attajiranmu su sake dubawa, ita ce tara fitar da zakka gaba ɗaya a watan Ramadan. Wanda shekarar dukiyarsa ta cika a Ramadan, madalla. Amma wanda nisabinsa ya zagayo a Safar ko Rajab, a lokacin ta wajaba a kansa, kuma jinkirta ta don neman falalar wata ba uzuri ba ne a wurin malamai. Da kowa zai fitar a kan lokacinsa, da zakka ta riƙa shigowa duk tsawon shekara, kamar yadda faɗuwar tsofaffi ba ta zaɓen wata. Tun da kuma ba a son a riƙe zakka a jinkirta rabonta, asusun gaggawa da nake ba da shawara a kafa zai fito ne daga sadaka da ribar waƙafi, a ba mutum uku ikon sa hannu cikin yini guda ba tare da jiran zaman kwamiti ba. Ko za a iya mayar wa asusun abin da ya fitar daga zakkar da ta shigo daga baya, ta ƙofar masu bashi, tambaya ce da muka miƙa wa kwamitin malamai, kuma amsarsu za mu bi.

To, a ce an yi aikin lafiya, an sallamo Baba. Da yawa a nan ake sauke numfashi, a ɗauka an gama. Alhali watanni ukun da ke biye su ne suke nuna ko kuɗin da aka kashe ya yi amfani. Ku dubi gidajenmu da idon wanda aka sa wa sabon ƙarfe a ƙugu. Katifa tana ƙasa. Zama a kan tabarma ne ko 'yar kujera ta tsuguno. Masai na tsuguno ne, a can ƙarshen gida, ga dokin ƙofa, ga kwata, ga gansakuka in damina ce, ga duhu in an ɗauke wuta. Wanda aka canza wa kan ƙashi, likita yakan hana shi tsuguno da zama a wuri mai ƙasa da harɗe ƙafafu na tsawon makonni, galibi shida zuwa goma sha biyu, don kada ƙarfen ya goce daga gurbinsa. Ke nan kusan kowane zama da muka gada ya zama haɗari a gare shi. Iyali da suka ga haka sai su zaɓi abin da suke gani shi ne tausayi: su kwantar da shi, su kawo masa komai har baki, da fo da buta. Jinyar da ta dace da zazzaɓi ke nan, amma a wannan ciwo ita ce take mayar da hannun agogo baya.

Abin da yake buƙata bai kai tiyata tsada ba ko kusa. Gado ko katifar da aka ɗaga, ta yadda in ya zauna gwiwarsa ba za ta fi ƙugunsa tudu ba. Kujera mai ƙarfi mai hannuwa da zai dafa ya miƙe. Kujerar bayan gida da za a ɗora a kan masai ko a ajiye kusa da gado da dare. Sandar tafiya mai ƙafa huɗu, wadda aka daidaita tsayinta da wuyan hannunsa in ya tsaya. Bayan wasu makonni ya koma sanda guda, wadda ake riƙewa a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren ciwon ba, kuskuren da kusan kowa ke yi. Fitila mai caji a hanyar banɗaki. Sai kuma mutumin da zai tsaya a kansa kullum ya tabbatar ya motsa: ya yi ta lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa yana kwance, ya ɗaure tsokar cinya ya saki, ya tashi daga kujera ya zauna, ya taka daga ɗaki zuwa zaure sau da yawa a yini, kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa. A wurin hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce ke gaba, a wurin sauka mai ciwon. A ba shi maganin rage zafi da likita ya rubuta kafin motsa jikin, domin wanda ke jin azaba ba zai yarda ya tashi ba, kuma ba taurin kai ba ne.

Ma'aikatan da suka karanci wannan fanni muna kiransu masu gashin ƙashi, sunan da ya sa mutane suke zaton ruwan zafi da tsumma ne aikinsu. Ainihin aikinsu koya wa jiki motsi ne, su ne kuma suke faɗin iyakar nauyin da za a ɗora wa ƙafar bisa umurnin likitan da ya yi aikin. Kai tsoho asibiti sau biyu a mako a cikin keke, a kan hanyoyinmu, wahala ce da kuɗi, shi ya sa da yawa suke dainawa bayan zuwa ɗaya ko biyu. Ya fi sauƙi a biya ma'aikacin ya zo gida 'yan lokuta, ya duba ɗakin, ya koya wa mai jinya, sannan ya riƙa leƙowa. Wannan kuɗin yana halatta daga zakka ta hanyar wakilcin da na ambata, tun da majinyacin ne ke amfana da shi kai tsaye.

Abinci ma magani ne a nan. Koko da shayi ba sa gina tsoka. Wake, ƙwai, nono, kifi, awara, ƙuli-ƙuli, zogale, da ɗan zama a hantsi: idan za a kai wa irin wannan gida tallafi, to buhun wake da kiret ɗin ƙwai sun fi shinkafa amfani. Akwai kuma alamun da in an gani ba a kwana: kumburin ƙwauri da zafi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, ƙafar ta gajarta farat ɗaya da tsananin ciwo. Haka nan ruɗewa. Tsohon da yake cikin hankalinsa jiya, yau ya tashi yana sambatu bai gane 'ya'yansa ba, mukan ce tsufa ne ko iska. Sau da yawa cuta ce ta shiga fitsari ko huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani ne bai karɓe shi ba. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti a ranar.

Iyayenmu limamai, akwai aikin da ku kaɗai za ku iya. Dattijon da ya shekara sittin yana sujada a ƙasa ba ya jin ya yi salla in a kan kujera ya yi ta, kuma zaman tahiya irin namu na Malikawa, wanda ake kwantar da ɗuwawu a ƙasa a fitar da ƙafafu gefe, yana murɗa ƙugu ta yadda likita ya hana. In ɗansa ya ce masa ya zauna a kujera, zai ce yaro ne. In liman ya tako har ɗakinsa ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauƙaƙa masa yin salla a zaune ko a kishingiɗe saboda ciwo, ya kuma tuna masa cewa mara lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya, to zai karɓa da natsuwa. Kuma babu abin da ke tayar da irin waɗannan bayin Allah kamar buri. Ku ce masa gurbinsa a sahu yana nan, an ajiye masa kujera, ana sa ran ganinsa a Juma'a kaza. Tsoron sake faɗuwa ya kwantar da mutane da yawa waɗanda ƙashinsu ya riga ya warke, kuma kewar masallaci tana cikin 'yan abubuwan da suka fi wannan tsoron ƙarfi.

Sai rabon waƙafi. Mun saba jin waƙafi a kan fili da gida da rijiya, kamar gonar Sayyidina Umar ta Haibara da rijiyar Ruma ta Sayyidina Usman. Amma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Halidu ɗan Walidu ya tsare sulkunansa da kayan yaƙinsa saboda Allah, kuma malaman Malikiyya sun halatta waƙafin kayan da ake ɗauka, har ma sun halatta a yi shi na ƙayyadadden lokaci. Wannan sauƙi ne babba a gare mu. Sandar tafiya mai ƙafa huɗu wata uku ake amfani da ita, daga nan ta koma bayan ƙyaure tana tsatsa. Ina da yaƙinin cewa a cikin wannan zauren akwai masu keken guragu ko kujerar bayan gida da suka saya wa iyayensu, Allah Ya jiƙansu, suka rasa yadda za su yi da su. A yi waƙafinsu da sunan mamatan. Kowace za ta tayar da mutum bayan mutum, ladan yana isa kabari. A ajiye su a masallatai uku ko huɗu da ke da ɗakin ajiya, da littafin rajista, da mai kula, a wanke a gyara bayan kowane aro. Masu walda na unguwa da na Panteka za su iya gyaran ƙarfe da sauya robar ƙafafu, amma kada a ba kowa sanda sai ma'aikacin gashi ya daidaita masa tsayinta. Masu hali kuma su dubi waƙafi mai kawo riba, ko da shago ɗaya ne a kasuwar Kakuri, hayarsa ta tsaya a kan asusun gaggawa. Ba sabon abu muka ƙago ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi aka riƙe shi ɗaruruwan shekaru, kuma masana tarihi sun ruwaito cewa a irin waɗannan asibitoci akan sallami majinyaci da tufafi da ɗan guzuri, don ya murmure kafin ya koma neman abinci. Sun gane cewa jinya ba ta ƙarewa a ƙofar asibiti.

Waƙafi yana da wani faɗi da zakka ba ta da shi, kuma a wannan ɓangare na gari faɗin yana da muhimmanci. Zakka ta talakawan Musulmi ce. Waƙafi da sadaka kuwa suna halatta ga maƙwabcin da ba Musulmi ba, idan mai waƙafin bai taƙaita ba. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Mu da muke katanga ɗaya da Kiristoci a Barnawa da Nasarawa da Television, waɗanda da yawansu tare suka tsaya a bakin injin masaƙa da iyayenmu, shawarata ita ce a rubuta a takardar waƙafin cewa aron kayan na duk mai buƙata ne a unguwa. Wanda yake son ya taƙaita nasa, sharaɗinsa abin girmamawa ne, za a rubuta a kiyaye.

Ban manta da masu jinya ba. Kusan kullum mace ce, 'ya ko suruka ko matar da ita ma ta manyanta, ita ke ɗagawa, ita ke wanki, ita ke kwana a zaune, kuma sau da yawa ta ajiye 'yar sana'arta. Tun da akasarin majinyatan ma mata ne, kwamitin maza zalla ba zai san halin da ake ciki a ɗaki ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Muna buƙatar malaman Islamiyya mata a cikin wannan aiki tun daga tushe, kuma in mai jinya ta cancanci zakka a karan kanta, a ba ta da sunanta.

Kafin in zauna, kwamitocin masallatai su yi mini afuwa in faɗi wata magana. An ƙawata wuraren alwala da tayil mai sheƙi, wanda in ya jiƙe ya fi sabulu santsi, kuma waɗanda suke fara taka shi da asuba, cikin duhu, su ne mafiya tsufa a unguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe wajen mutum 684,000 a shekara, kuma 'yan sama da shekara sittin ne suka fi yawa a ciki. Shimfiɗar roba mai kama ƙafa, ƙarfen riƙo a bango da gefen matakala, wurin zama ɗaya mai tudu, da ƙwan fitila mai aiki da hasken rana ba su kai kuɗin fentin hasumiya ba. Dattijon da kuka lura yana laluben takalminsa kuma, a sa wani ya raka shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna a duba ko yana ce, domin cire ta aiki ne na ɗan lokaci.

Abin da sakatariya take nema daga kowane masallaci kafin ƙarshen wata mai kamawa shi ne sunaye biyu, namiji da mace, waɗanda za a kira da zarar tsoho ya faɗi, kuma waɗanda za su halarci horon yini ɗaya da muke shirin nema daga ma'aikatan gashin ƙashi. Takardun waƙafin kaya suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Wanda kayansa suke gida ya rubuta unguwarsa, za a aiko a ɗauka. Masu niyyar waƙafi mai riba su ga ma'aji bayan an tashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya sanya albarka a dukiyarku.